Shamuwar da Na Aika wa Chindo

Asabar, 5 Mayu 1973, Illela
Shamuwa ta sauka a gawon gidanmu, guda biyu. Inna ta yi guɗa har muryarta ta dushe. Yaya Chindo na gadi a Abijan, kuma da zai tafi cewa ya yi, ranar da ya ga hoton shamuwa a gawon nan zai ajiye aiki ya dawo noma. Ya san ƙanensa mai hoto ne, shi ya sa ba ya karɓar labarin baki. Inna ta ce, "Inusa, ɗauko ta maza, shi taho in gane shi tun ina da ido."

Laraba, 9 Mayu
Ɗaukar mutum wasa ne, ka ce kada ya motsa ya sandare. Ita wannan ba ta jin Hausa. Kyamarata ba ta janyo abin da ke nesa, sai na hau rumbu na lulluɓa da tsohuwar zana. Da rana tsaka na ɗauka, tsuntsuwar ta fito baƙa ƙirin kamar gawayi. Na yi asarar fim.

Asabar, 12 Mayu
Da hantsi, rana a bayana. Na daina bin ta, na saita kan sheƙar na jira. Ta iso da kara a baki. Farin cikinta ya fito, har zanen gashin fiffike ana gani. Ban taɓa yin hoto mai kyan wannan ba.

Litinin, 14 Mayu
Sama ce ta ɓata mini. Fara fat, ko ɗigon girgije babu, kuma Chindo manomi ne, sama zai fara duba. A ɗakin wankin hoto na soke auduga a tsinke na kare tsuntsuwar, na bar haske ya daɗa cin takardar daga bisa. Inda haske ya daɗe, nan ke yin duhu. Sai ga hadari ya haɗo a bayan gawo. Na yanke gefen da shanun Jaje makiyayi ke tsaye, haƙarƙari duk a waje. Ai gyara ne, kowane mai hoto na yi. Na ba direban da zai yi Abijan.

Juma'a, 22 Yuni
Chindo ya iso da matarsa da jaririnsu. An riga an ba wani gadinsa. Inna ta ci tuwo har da ƙari. Ni ma na yi murna, kada in yi ƙarya.

Lahadi, 1 Yuli
Yayyafi. Ya shuka irin da Inna ta ɓoye, gaba ɗaya.

Alhamis, 19 Yuli
Irin ya tsiro, ya ƙone, ba ruwa.

Laraba, 1 Agusta
Jaririn ba ya samun nono. Chindo na zama gindin gawo yana kallon gabas. Bai ɗora mini laifi ba, gara ma ya zage ni. Shamuwar ta ƙyanƙyashe, ban hau rumbu ba. Zuciyata ta karye, ko kallon kyamarar ba na so.

Litinin, 20 Agusta
Gobe za su koma, ba aiki, ba iri. Ya same ni a zaure ya ce, "Ka ɗauko min Inna gindin gawo, ban san ko ina iske ta ba." Na ce to. Har ya kai ƙofa ya juyo. "Amma ka bar sama yadda Allah ya yi ta, ƙanena." Ban iya ɗaga kai ba.

Talata, 21 Agusta
Na ɗauke ta da hantsi, sun tafi da la'asar. Zan aika masa hoton daga baya.

Asabar, 25 Agusta
Na wanke. Sama fara fat, Inna ta rame, an ga ƙashin wuyanta, rumbu buɗe a bayanta ba komai ciki. Tsinken audugar na nan kan tebur. Hannayena na riƙe a baya har hoton ya gama fitowa.