Kada Baba Ya Jira Ni da Ƙafar Nan

Ilori, ranar Lahadi.

Yaya Sufyanu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kuna lafiya. Yaya Inna, yaya Ramla da yara? Yaya kasuwar Bakura, shanu na shigowa? Ni lafiya lau. Mu shida ne a ɗaki, kuma har yanzu cikina bai yarda da abincin garin nan ba, amma ana haƙuri.

Na rubuto ne saboda in na kira, Baba ke karɓe wayar. Ƙanwarmu Hanifa ta ce yankan da ya samu a mahauta ya ƙi warkewa, ƙafar ta kumbura, kuma ya rantse ba ya zuwa asibiti sai likitansa ya dawo hutu ya duba shi.

Yaya, sau nawa zan faɗa? Likitanci na nema, ban samu ba, anka ba ni kimiyyar halittu. Makon jiya kwaɗo munka feɗe. Ɗan mahauci guda da fiɗar kwaɗo! Ko allura ban taɓa yi wa mutum ba.

Ban ga laifin Baba ba. Tun da na taho abokansa ke kiransa Baban Likita, kuma ban taɓa ganin abin da ya faranta masa rai haka ba. Amma hutu sai bayan Sallah, ƙafar nan ba za ta kai ba.

Don Allah gobe ka ɗora shi a mashin ku tafi asibitin Mafara. In ya ƙi, ka ce masa likitansa ne ya ba da umurni. Wannan karon na yarda da sunan.

Allah ya ba shi lafiya.

Ƙanenka,
Kamaluddeen