Kadan da Kika Kashe Mini

Zuwa ga 'yata Dakta,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da 'yan jikokina. Allah ya ƙara basira, ya tsare ku a inda kuke. Mu nan lafiya lau. Gwiwar babarki ta yi sauƙi, har ta koma yi mini faɗa a tsaye. Auta ta fara ɗinki a shago. Ni kuwa ina nan, kullum ina gaya wa mutane 'yata Dakta ce, kullum suna kawo mini ciwon baya, ina ba su haƙuri cewa kifi kaɗai kike dubawa. Ki yi haƙuri da rubutuna, kin san a aji huɗu ni da boko muka rabu, kuma shi ya fara gajiya da ni.

Littafin bincikenki ya iso. Auta ta karanta mini tana fassarawa, an kuma yi bayaninsa a rediyo, an ce masana na ƙasashe suna ta ambaton sunanki. Na yi murna, wallahi, har aka zo shafin da kika zana taswirar gurbin ruwan nan na bayan ciyawa, kika rubuta cewa kin shekara biyu kina bincike, kin tabbatar nan ne kifin kogin yake zuba ƙwai, kuma babu kada ko ɗaya a wurin.

'Yata, ai na san babu kada. Ni na ƙirƙire shi. Shekara talatin da ɗaya ina kiwonsa da bakina. Tun ranar da na ga 'ya'yan karfasa da tarwaɗa sun yi baƙi a gurbin, na san idan taru ya shiga, kogin ya mutu. Ba ni da bindiga, ba ni da hatimi, sai na ba kowa labarin kada. Tabon ƙafata da nake ɗaga wando ina nunawa a bakin ruwa, kwanon rufi ne ya yanke ni, babarki shaida ce. Duk shekara ina ƙara wa kadan tsawo, har ya fi kwale-kwalena. Ba wanda ya jefa ko fatsa a can, kuma duk muka ci kifi.

Ranar da na tuƙa ki zuwa wurin, da kwalabenki da ma'aunin ruwanki, na roƙe ki abu ɗaya, ki ƙirga kifinki ki bar mini kadana. Kika dafa kafaɗata kika ce kada in damu, tsakaninmu ne. Na san abin da za ki ce yanzu, cewa ilimi ba ya ɗaukar ƙarya, kuma don hukuma ta kare wurin kika rubuta. To, hukuma ta zo. Sun kafa allo mai kyau da hoton kifi, sun ɗauki hoto, sun ce za a turo mai gadi. Wata bakwai ke nan. Allon ma ya yi amfani, a jikinsa masu jirgin inji suke ɗaure igiya. Da taru mai ƙananan idanu suke shara, wanda ko ɗan kifi kamar farce ba ya tsira. Shekaranjiya na leƙa, ruwan fes, har ƙasa nake gani.

Kuma kin sa sunana a shafin godiya, wai ni na nuna miki wurin. Yanzu idan na sauko bakin ruwa sai a ce ga mai kada nan, tunda asirin tabon ma ya tonu, a tambaye ni ko rufin ɗaki ya sake cizona. Ina dariya tare da su, ai sana'ata ce. Amma kawunki, wanda ya shekara talatin da ɗaya yana kauce wa gurbin nan saboda ya yarda da ni, ko gaisuwata ba ya amsawa.

A wasiƙarki kin ce idan kin zo hutu in kai ki ɗaya gurbin da na taɓa ambata miki, don aikinki na gaba. Ki zo, ɗakinki na nan a share, zan tarye ki a tasha da kaina. Amma can ɗin ba ya zuwuwa. Akwai kada a wurin, 'yata, ƙato. Na gan shi da idona.

Babarki na gaishe ki, da Auta da Yaya Babba. Ki gaida maigidanki, ki shafa mini kan Takwara da 'Yar Lukuti.

Naki, mai tabo a ƙafa,
Babanki