Tabo a Jikin Goɗiyar Baba

Zuwa ga Yaya,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ciwon ƙafar? Mu nan lafiya lau, sai dai goɗiyar Baba.

Auta ya dawo da takardarsa ta likitan dabbobi, kuma tun da ya sauka gidan ya zama nasa. Baba ya daina ce masa Auta, sai Likita. Har kujerar zaure an bar masa. Ni da na tsufa a barga ina kwasar kashi, ba wanda ya taɓa matsa mini ko tabarma.

Shekaranjiya ya shiga barga da farar rigarsa, ya shafa haƙarƙarin goɗiyar, ya ce ya ji wani kumburi mai faɗi a zagaye, kamar an cusa kwabo a ƙarƙashin fata. Wai a littafinsu da sunan wani kuɗin azurfa ake kiran tabon, kuma alama ce ta muguwar cutar da dawaki ke ɗauka wajen barbara. Kafin Baba ya nemo tabarau ya iso, abin ya ɓace. Na ce cizon ƙwaro ne. Yaya, daɗi na ji da na ga yadda fuskar Auta ta yi. Amma duk da haka Baba ya kama sunan bokon nan, yana ta faɗa wa masu amalanke a ƙofar gida, ko furta shi bai iya ba.

Ki gai da yara.

Ƙaninki,
Dogo

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na ga amsarki, kin ce in yi haƙuri ɗan'uwana ne. Na sani, ai ni na koya masa hawa.

Auta ya ɗebi jinin goɗiyar ya aika gwaji. Ya ce tabon kan fito ya ɓace kafin a ankara, don haka mai goge ta ne zai sa ido. Mai goge ta kuwa ni ne. Yau da safe ina shafa ta sai hannuna ya hau kan abin, ga wani kuma a gefensa. Ba kowa a barga sai ni da ita. Na daɗe tsaye da buroshi a hannu. Na san in na yi shiru, kafin azahar sun ɓace, Likita ya ci gaba da zama mai ganin abin da babu. Wallahi raina ya so haka. To amma maƙwabcinmu mai keken kaya ya ce zai kawo dokinsa ya hau ta, kuma dokin nan shi ke ci da gidansa.

Na je na faɗa. Baba bai ko dube ni ba. Kafaɗar Auta ya dafa, yana cewa karatu bai faɗi ƙasa ba. Ni kuma aka ce in je in raba mata turke.

Naki,
Dogo

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya sa wannan ta same ku lafiya.

Gwaji ya dawo, Auta ne da gaskiya. Ya ce ba ta da tashi, kuma barinta haɗari ne ga sauran dawaki, sai dai a yi mata allurar mutuwa. An haƙa rami a bayan fili. Da ya kama ragamarta ta ƙi motsi, sai huci take yi, don ba ta san warinsa ba. Ni da na karɓa sai ta biyo ni salin-alin, hancinta a kafaɗata, ta ɗauka wajen ruwa za mu.

Ni na riƙe kanta har ta kwanta. Auta ya yi mata allurar, yana gamawa ya fashe da kuka. Ban ga laifinsa ba, wannan ce ta farko a hannunsa. Baba ya rungume shi yana lallashi, wai yaron zuciyarsa mai taushi ce, ya ja shi suka nufi gida. Sai da suka yi nisa Baba ya waiwayo ya ce, "Dogo, ka rufe ramin da kyau."

Na rufe da kyau. Ni ma na yi kukana, amma ba wanda ya gani.

Yaya, ki tambayar mini maigidan ko akwai aiki a wajenku. Kowane iri ne ina so, in dai ba na dawaki ba.

Ƙaninki,
Dogo