Hannun Ƙofar da Na Karya

Yayata,

Assalamu alaikum. Ya jikin Mama, ya yara? Mu lafiya lau, sanyin ma na fara sabawa da shi.

Yaya, na yi ɓarna. Na manta littafina a motar maigidan, saura babi biyu in san ko masoyan za su shirya. Da safe ƙanƙara ta liƙe ƙofar motar, ni kuwa na kasa haƙuri, na fizgi hannun da ƙarfi. Ashe roba idan ta sha sanyi bushewa take kamar ƙwarya. Sai ji na yi ƙas! Na lallaɓa na maƙala shi, na koma ɗaki.

Da ya fito zai tafi aiki, yana taɓawa, hannun ya faɗo. Laifin ya ɗora wa makanikinsa, amininsa tun zuwansa ƙasar nan, wai jabun hannu ya sa masa. Yau kwana shida ba sa magana, ni kuwa sai “Allah ya kyauta” nake cewa.

A littafi mace kuka take yi a yafe mata. A zahiri da wace kalma ake farawa, Yaya? Jiya matar makanikin ta aiko min da safar hannu, wai kada sanyi ya cinye min yatsu. Na kasa sawa.

Ki sa ni a addu'a, amma kada Mama ta ji.

Ƙanwarki