Na wanke zannuwan Inna

Yayata,

Ina gaishe ki da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya ƙafar Baba? Yana shan magani kuwa, ko sai an yi faɗa? Ni lafiya lau. Aikin gidan tsofaffin nan da sauƙi, tsayuwar ce kawai, ita ma na fara sabawa.

Zannuwan Inna da kika aiko sun iso. Tunda ban samu zuwa jana'izarta ba, na ce bari in haɗa bargo da su. Wata tsohuwa da nake kula da ita ta ara mini littafin ɗinki, irin wanda ake yanka ƙyallaye ƙanana a jera. Shafin farko ya ce a wanke yadi kafin a sa almakashi, don kada ya zuba. Kin san ni da bin ƙa'ida. Zanin da ya shekara ashirin ana ɗaurawa, me ya rage ya zuba? Ban yi wannan tunanin ba, na wanke su tas.

Bargon ya yi kyau, Yaya, kowa yabawa yake. Amma da na kai shi hanci, sabulu kawai na ji. Turarenta, man zafin da take shafa wa gwiwa, duk na zubar da su da hannuna. Kada ki gaya wa Baba.

Allah ya jiƙan ta, ya ba ki ladan jinya. Idan da sauran ɗankwalinta ko guda, ki aiko mini. Don Allah kada ki wanke.

Ƙanwarki,
Auta