Alwatika Ashirin, Hannu Biyu

Magariya, 6 ga Nuwamba

Zuwa ga Yaya Dalhatu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya, da Inna da Baba da duk mutanen Kwaya. Ya aikin kaka? Ni dai jiki lafiya.

Karan dawar da ka aiko ya iso. Ka tambaya me ɗan lakwal, mai karatun boko, zai yi da kara, ko gado zan ɗaura. Yi dariyarka. Mushe Wakili, malaminmu na zane, ya ce kowa ya ƙera siffa mai tsayuwa da kanta, daga guntaye iri ɗaya, a warware ta a sake haɗa ta gaban malamai. Da makinta za a wuce aji. Na yanka karan taƙi ɗai-ɗai, na ɗaure shi uku-uku da kaba, ya ba ni alwatika ashirin. In suka haɗu sai su zama ƙwallo mai kusurwa, ya kai tulu girma.

Ga inda ta ɓaci. Ba ya tsayuwa sai alwatika na ƙarshe ya shiga, kafin nan dole wani ya riƙe. 'Yan ajin 'yan gari ne, tun ranar farko suka rabu bibbiyu, ni na yi saura. Sau bakwai yana zube mini. Na ji kunyar roƙo, Yaya. Ka zo ranar Alhamis ta sama ka riƙe mini, minti goma kawai.

Ƙanenka,
Muttaƙa

Magariya, 15 ga Nuwamba

Yaya Dalhatu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saƙonka ya same ni ta bakin mai kabu-kabu. Ban yi fushi ba. Na san ranar aka ɗora jinkar sabon rumbun Baba, kuma ba a kiran gayya mai gida ya tafi. An ce kun kai mutum sha biyar, har Inna ta dama fura. Na yi ta ƙirga waɗanda na san za su zo.

Ni kuwa da na tabbata ba ka zuwa, sai na zauna ƙasa na miƙe ƙafa, kamar yadda Baba ke yi in yana tufkar igiya. Na zarga kaba ta cikin alwatika biyar na farko, na maƙale bakinta a babban yatsan ƙafata. Ƙafa na ja, hannu na ɗauri. Ya tsaya, Yaya, tashin farko.

Haka na yi gaban malamai, ba takalmi, a kan siminti. Da farko an yi dariya, daga baya aka zuba mini ido. Na samu sha bakwai bisa ashirin, na wuce. Mushe Wakili ya ɗaga ƙwallon sama, ya gaya wa aji babban kyawun aikina shi ne ba ya buƙatar kowa, mutum ɗaya ya ishe shi. Aka yi ta tafi.

Wallahi ban san lokacin da hawaye suka zo mini ba. Sun zaci murna ce, na bar su a haka.

A gaishe da Inna. Ka gaya mata makin kawai.

Naka,
Muttaƙa