Wuƙar Mamak Darmalis

Pekanbaru, 3 ga Safar

Zuwa ga Mintuo Syamsidar, matar kawuna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina ƙara yi miki ta'aziyyar Mamak Darmalis. Allah ya jiƙansa. Ki yi haƙuri ban samu zuwa sadakar arba'in ba, aiki ne ya riƙe ni.

Albishir, na buɗe makarantar kokawar silek da sunansa, har da allo a bakin titi. Manyan gari za su zo buɗewa. Don haka ki aiko min wuƙarsa da baƙin ɗankwalinsa na kokawa, tunda ni ne ɗan ƙanwarsa. Ki haɗo da littafin da ya rubuta sirrin kayen ƙugun nan nasa, wanda yake ɗaga ƙato da shi ya maka da ƙasa. Na san akwai abin da ya ɓoye min.

Na haɗo miki da hoton allon.

Ɗanki,
Guru Zulhendri

Situjuah, 11 ga Safar

Hen,

Wa alaikumus salam. Muna nan lafiya, sai kewa. Har yanzu kofi biyu nake dafawa da safe, sai na zuba nake tunawa.

Na ga allon. Hotonka ya cinye shi, sunan kawunka yana can ƙasa kamar farashin sabulu. Na karanta wasiƙarka sau biyu, na biyun sai da na ajiye abincin da nake ci. Ba ka tambayi yadda ya cika ba. Ba ka tambayi wa ya yi masa wanka ba. Syafril mai gyaran babur ne ya yi, shi da maƙwabta.

Babu wani littafi. Kawunka ko sunansa sai ya ciza harshe yake rubutawa. Ni da na tsaya a aji huɗu ni nake karanta masa takardar magani.

Sirrin da kake nema a gabanka yake tun ranar da uwarka ta kawo ka da kaza da farin yadi da wuƙa, kamar kowane sabon ɗalibi. Shi gajere ne, kansa bai wuce hammatarka ba. Ƙugunsa dama a ƙarƙashin na kowa yake, juyawa kawai zai yi ya shige, mutum ya hau bayansa kamar buhun shinkafa. Kai kuwa kafin ka sauko da ƙugunka can, sai ka lanƙwashe kamar rake, gwiwa na rawa, baya a buɗe. Shekara talatin ina tsince barkono a bakin filin kokawar nan, ko ban taɓa kokawa ba na gane wannan.

Ka manta abin da yake ce maka?

"Hen, Allah ya ba ka ƙafa kamar bishiyar kwakwa, me kake nema a ƙasa? Kuɗi ka yar? Miƙa ƙafar ka girbe shi kamar lauje."

Kai kuma ka ce, "Mamak, taɗiya ai wasan yara ce, mutane ba sa tafa mata."

Ya ce, "To ka je a rage maka tsawo, ka dawo in koya maka."

Syafril tsawonku ɗaya. Shi ya ji magana, yau ko bauna ya saka wa ƙafa sai ta zauna. Ba wanda ya taɓa tafa masa, bai kuma mutu ba.

Wuƙa da ɗankwali suna nan a gidan nan, filin kuma ƙasar uwata ce. Ka gaida matarka da yaran.

Mintuonka,
Syamsidar

Pekanbaru, 19 ga Safar

Mintuo,

Assalamu alaikum. Da girmamawa nake cewa maganar kokawa ba a bakin kicin ake yanke ta ba. Kin manta Sallar bara? A gaban jama'a na kayar da Mamak da kayen ƙugun nasa, hoton bidiyon yana wayar kowa, shi nake nuna wa sabbin ɗalibai. Duk wanda ya kayar da malaminsa ya gaje shi. Mai gyaran babur ba zai riƙe gadon gidanmu ba.

Ina jiran saƙon kafin ƙarshen wata. Na bar ki lafiya.

Guru Zulhendri

Situjuah, 26 ga Safar

Hen,

Salam. Allah ya sa kuna lafiya.

Kawunka ya hana ni faɗa maka wannan. Na riƙe shekara guda, amma ban yi masa alkawarin in zauna ana tallan faɗuwarsa ba.

Ban manta Sallar bara ba. Ka zo da abokanka uku da wayoyinsu. Mutumin da bai iya cinye rabin farantin shinkafa ba tun azumi, ka ce ya taso ku gwada. Na ce maka ba shi da lafiya, ka ce min, "Mintuo, damisa ba ta tsufa." Har naman rendang ɗin da na kwana biyu ina juyawa ka tura gefe don wai zai ɓata hoto.

Ka shiga masa da ƙugu. Kai da za ka ɗauki wanda bai kai kafaɗarka ba, sai da ka ninke biyu, duk nauyinka a kan gwiwar nan taka ta dama da ta taɓa gocewa. Ya gani. Da ya zauna a ƙugunsa kamar yadda ya saba, ko ya ja ka baya kaɗan, da gwiwar ta tafi har abada. Sai ya ɗaga dugadugansa ya hau bayanka da kansa. Ba kai ka ɗauke shi ba, Hen. Tsalle ya yi maka.

Kuma ko hannun rigarsa ba ka riƙe ba da zai sauka. Abin da ake koya wa ɗalibi a makon farko kenan, ka riƙe wanda ka kayar. Kai ka saki, ka juya kana kallon waya. Ya faɗi a kan haƙarƙarinsa. Biyu suka tsage.

Da kuka tafi na dafa man kwakwa ina shafa masa, ina zaginka. Ya ce, "Dar, bar shi. Yaron nan da gwiwarsa yake ciyar da 'ya'ya uku. Ni me zan yi da haƙarƙari?" Ya so ya yi dariya, ta ƙi fita. Daga ranar har ya bar duniya bai ƙara kwanciya ta wannan gefen ba. Ni ma na koma ɗaya gefen gadon don in riƙa ganin fuskarsa.

Wannan ne kake nuna wa 'ya'yan mutane. Ƙyama nake ji, ban san wata kalmar ba. Kuma in haka kake koya musu, dogo da gajere duk kaye ɗaya, wata uwar ma za ta dafa man kwakwa.

Ka ce a aiko maka wuƙa. Ga ta nan a cikin ƙunshin, naɗe da farin yadi. Ba tasa ba ce, taka ce, wadda ka kawo kana ɗan shekara goma sha biyu. Ka san abin da yake nufi idan ya mayar wa ɗalibi wuƙarsa: kora ce. Shi bai iya yi maka ba, ni na yi.

Na sa wa yaran ƙosan rogo. Su ba ruwansu.

Syamsidar

Pekanbaru, 4 ga Rabi'ul Awwal

Mintuo,

Salam. Ƙunshin ya iso. Na kalli bidiyon a hankali. Dugadugansa sun bar ƙasa kafin in taɓa shi. Na sauke allon.

Haƙarƙarin, wane gefe ne?

Hen

Situjuah, 10 ga Rabi'ul Awwal

Hen,

Hagu.

Syafril yana fara koyarwa bayan la'asar. In za ka zo, ka zo da kaza. Wuƙa da yadi kana da su. Ka bar wayar a gida.

Mintuonka